Kwanon Misiye Yohana

Shekara goma sha tara ke nan da muka binne mahaifiyata, Mama Saratu, a Sokodé. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Waɗanda suka san ta sun yi ta yabonta a wurin jana'iza, suka ce mace ce mai taushin zuciya. Na ji, ban musa ba, don ba a gardama a bakin kabari. Amma ni da na tashi a hannunta ban san ta da taushi ba. Mace ce mai cika abin da ta ɗauka, ko tana so ko ba ta so, kuma a kan wannan halin nake son yin waiwaye yau.

'Yar Nano ce, can kusa da Dapaong. Aure ya kawo ta Sokodé, ta zauna tana sayar da doya da man gyaɗa har ƙarfinta ya ƙare. Cocinmu ƙarama ce, rufin kwano, benci goma sha wani abu. A cikinta akwai 'yan ƙabilar Moba, akwai Kabiye, akwai Tem 'yan kaɗan, da ma'aikatan gwamnati da aka turo daga kudu. Da Hausa ake sujada, saboda ita ce kowa ya tsinta a kasuwa. Mama ba ta iya karatu ba, amma kullum Lahadi da littafin waƙoƙinta a hannu, wani lokaci ma a kife, kuma babu wanda ya isa ya gyara mata.

Muna da wata al'ada da ban gan ta a wata coci ba. Lahadin farko na sabuwar shekara, bayan sujada, matar fasto takan zagaya da ƙwarya rufe da faifai. A ciki akwai 'yan takardu a nannaɗe, kowace da sunan mutum ɗaya daga cikin ikilisiya. Ka sa hannu ka ɗauki ɗaya. Wanda ka ɗauka, shi za ka riƙa ambata a addu'arka ta safe har shekara ta ƙare, ba tare da ka gaya masa ba. Lahadin ƙarshe na shekara kowa ya zo da kwanon abinci, ya ajiye a gaban wanda ya yi wa addu'a. Ta haka kowa ya bayar da kwano ɗaya, kowa ya karɓi ɗaya. Ba a musanya takarda, ba a mayar da ita cikin ƙwarya. Mama, da yake ba ta karatu, ni take miƙa wa tata in raɗa mata sunan a kunne, sannan ta ƙulle ta a bakin ɗankwali.

Sai shekarun nan suka zo da ƙasa ta rikice a kan neman jam'iyyu da yawa. Yau yajin aiki, gobe an ƙona tayoyi a kan babbar hanya, jibi kasuwa a rufe. Rikicin bai tsaya a bakin ƙofar coci ba. Mutanen da suka shekara da shekaru a benci ɗaya suka fara duba gefen da za su zauna. Ƙanena Iliya direba ne, yana jigila tsakanin Sokodé da Sotouboua, kuma yana cikin waɗanda suka ajiye mota suka shiga yajin aiki. Wata safiya wasu masu kaki suka zo tasha da jerin sunaye a takarda. Suka tafi da shi. Da suka sake shi bayan kwanaki, kunnensa na hagu ya daina ji, hannunsa kuma ba ya riƙe sitiyari. Da ya ɗan warware ya tsallaka Gana, muka daɗe ba mu sa shi a ido ba.

Direbobin da suka ga takardar sun ce da keken rubutu aka buga ta. A garin kowa ya san mai buga takardu a ofishin da ake zargi: Misiye Yohana (wato Malam Yohana, da Faransanci), ɗan cocinmu, mai jan baki a ƙungiyar mawaƙa. Ko shi ya kawo sunayen, ko miƙo masa aka yi ya buga, ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya tsaya tambaya. Ya ci gaba da zuwa coci. Aka ci gaba da gaishe shi, irin gaisuwar da ba a haɗa ido.

Sabuwar shekara ta zo, ƙwarya ta zagayo. Mama ta ɗauka ta miƙo mini. Na warware, na ga sunan Yohana. A lokacin ni malamin makaranta ne, da mata da ɗa, ba yaro ba, don haka ba zan ce ƙuruciya ce ta ja ni ba. Na dubi tsohuwar da ta yi wata biyu tana yi wa Iliya ruwan zafi, na ga ba zan iya sa mata sunan nan a baki kowace safiya ba. Na sunkuya na raɗa mata sunan Mama Rifkatu, wata gwauruwa maƙwabciyarmu. Ta gyaɗa kai, ta ƙulle takardar a ɗankwali.

Na san lissafin ba zai fita ba a ƙarshen shekara, amma na ce kafin nan Allah zai kawo mafita. Da damina ta faɗi sai aka yi wa Yohana canjin wurin aiki zuwa Dapaong. Na ɗauka mafitar ke nan, har na yi godiya a zuciyata, abin da yanzu yake ba ni dariya. Shekara guda cur Mama tana durƙusawa da asuba tana roƙa wa Rifkatu lafiyar gwiwa da auren 'yarta.

Lahadin ƙarshe, muna shiga coci, sai ga Misiye Yohana zaune a benci na uku da kwanonsa a cinya. Tun daga Dapaong ya taso, don ya kawo wa wani tsoho da ya ɗauki sunansa. Aka fara zagayawa. Mama ta ajiye sakwararta da miyar gyaɗa a gaban Rifkatu. Ba a jima ba wata budurwa ta zo ta ajiye nata a wurin. Kwano biyu a gaban mutum ɗaya. Da kowa ya zauna, gaban Yohana kaɗai ne babu komai. Shi kuwa ya zuba wa ƙasa ido, kamar wanda dama ya san haka za a yi.

Mama ba ta iya karatu ba, amma ta iya ƙirga kwano. Ta kwance bakin ɗankwalinta, ta miƙo mini takardar da ta yi baƙi don gumi.

"Sake karanta mini," in ji ta.

Na karanta mata gaskiya. Na zaci za ta ɗauko kwanon daga gaban Rifkatu ta kai masa, a rufe maganar, a ci abinci. Matar fasto ma ta yunƙura za ta yi hakan. Mama ta ɗaga mata hannu. Ta taka har benci na uku, ta tsaya.

"Misiye Yohana, sunanka a hannuna yake. Ban yi maka addu'a ba, ko sau ɗaya. Ba zan ba ka kwanon ƙarya ba. Gobe zan fara."

Ya koma Dapaong ran nan bai ci komai ba. Washegari da asuba na ji ta ta bayan labule. Ba ta yi masa doguwar addu'a irin ta Rifkatu ba. Takan ce, "Ubangiji, ga Yohana. Ka san shi, ni ban san shi ba." Sai ta wuce zuwa wani. Haka kullum, muryarta a bushe. Na tabbata ba ta ƙaunarsa. In aka ambace shi a gida, fuskarta takan ɗaure.

Da shekara ta zagayo ta sa ni na ɗauki doya shida a buhu, muka shiga mota zuwa Dapaong. Shingayen bincike sun yi yawa a hanya a lokacin, sai da muka yini. Ba ta yi mini magana ba sai sau ɗaya, da ta ce in gyara buhun kada doyar ta fashe. A gidan ƙanwarta da ke can ta dafa ta kirɓa da hannunta, ta zuba a kwano, ta ɗora mini, muka nemi gidansa. Da ya gan mu sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara cewa, "Mama, maganar takardar nan ta Iliya, wallahi ni…"

"Ban zo shari'a ba, Misiye. Kwano na kawo. Ka ci, ka ba ni abina, mota za mu bi."

Ya zauna ya ci yana hawaye, ita kuma tana kallon kajin da ke tsakar gida. Har ta mutu ba ta san abin da ya so faɗa ba, ni ma ban sani ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga cocinmu yau. An rushe ta kwano an yi ta siminti, akwai lasifika, akwai fanka. Ƙwarya ta ɓace tun da matar tsohon fasto ta rasu. Yanzu a waya ake aika roƙon addu'a, kowa ya zaɓi wanda zai ce wa amin, wanda bai yi masa ba ya goge. Ban ce mutanen yanzu sun fi na da rashin imani ba. Na da ɗin ai ni ne, kun kuma ji abin da na yi. Sai dai ina jin Mama za ta tambaya, in kowa shi ke zaɓa, wa zai ɗauki wanda ba mai so? Iliya ya dawo gida daga baya, yana da shagon kayan mota. Har yau in an tayar da zancen nan sai ya juya wa mutum kunnensa na hagu. Ban ga laifinsa ba.

Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan ƙaryar da na yi ba. Abu ɗaya kawai, ba ta sake miƙo mini takardarta ba; matar fasto ce ta koma karanta mata. Wannan ya fi mini zafi fiye da zagi. Kuma ba ta jefar da ta Yohana ba ko bayan ta kai kwano. Duk shekara takan ɗauki sabon suna, amma nasa yana nan a bakin ɗankwali. Da na tambaye ta dalili, ta ce shekarar da aka hana shi ba ta dawowa.

Kwana biyu kafin ta cika, da rana tsaka, ta ce in kwance ɗankwalin. Rubutun ya goge, takardar ta zama kamar tsumma. Ta danna mini ita a tafin hannu.

"Kai ka iya karatu," in ji ta.

Ba ta bar mana gadon gida ba, ba ta bar fili ba, littafin waƙoƙin ma jikoki sun yayyaga shi. Abin da ya rage mini nata ke nan. An ce Misiye Yohana yana nan da rai a Dapaong, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ban sake zuwa ba, ba na kuma jin ina ƙaunarsa fiye da yadda ta ƙaunace shi. Amma shekara goma sha tara ke nan, kowace asuba, kafin in ambaci 'ya'yana, nakan ce: Ubangiji, ga Yohana.