Kwamfutar Ciki Ta Sake Mutuwa

Ina kunna debugger sai allo ya daskare, virtual machine ta sake mutuwa. Ita ce kwamfutar da na girka a cikin laftof ɗina, shi kuma debugger shi zai nuna min kuskuren manhajar da nake gyarawa. Gwajin ɗaukar aiki ne wani kamfani ya ba ni, a miƙa kafin la'asar.

Na ƙara mata memori, na goge na sake girkawa, har katangar gidanmu a Bagwai na hau neman netwok. Duk a banza.

Baba ya dawo daga noman rani a Watari, ƙafarsa duk taɓo.

"Auwalu, aikin ya yiwu?"

"Baba, laftof ɗin ya tsufa. Ba zai iya ɗaukar kwamfuta biyu ba."

Ya ce, "Ni kuwa na riga na faɗa wa mutanen masallaci ka samu aiki."

Lokaci ya wuce ban miƙa komai ba. Baba ya tafi salla, ni ko binsa na kasa yi.

Masu wannan harka, don Allah wa ya taɓa tsallake irin wannan da tsohuwar na'ura? Ni kam na sare.