Fatar da Na Yanke a Filin Langa

Shekarun baya, zamanin Jihar Arewa, ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis, ina tsaye a filin makarantarmu ta firamare a Tambuwal. Akwai hedimasta, da malamai biyu da suka kawo yara daga Kebbe don gasar langa, sai ni malamin wasanni.

Ina da doka wadda nake alfahari da ita: ba mai shiga fili da laya. Kafin kowane wasa nakan jera yara in duba su bi da bi, wuya, damtse, ƙugu, sannan ƙafa. Da na zo kan wani ɗalibina ɗan aji biyar, wanda ya fi kowa iya langa, sai na ga jar fata mai faɗin yatsu huɗu naɗe a idon sawunsa na dama. A kan wannan ƙafar yake tsalle, ya riƙe ta hagu ta baya.

Ɗaya daga malaman Kebbe ya tuntsire da dariya. "Ashe da kambu ake kada mu, Malam!"

Raina ya ɓaci. Yaron ya ce, "Wallahi Malam ba kambu ba na. Babana..."

"Ban tambaye ka ba."

Na ciro reza na farke ɗinkin, na ɗaga fatar sama don baƙi su shaida adalcina. Babu rubutu a ciki, babu garin magani, auduga ce kawai aka shimfiɗa. Na gani da idona. Duk da haka na hura usur na ce ya shiga.

A karo na biyu wani yaron Kebbe ya bangaje shi, ƙafar ta gurɗe, ya zube yana ihu. A kafaɗa aka kai shi gida.

Washegari da safe mahaifinsa, wanda baduku ne, ya zo. Ya tuɓe takalmi a ƙofar aji, ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ce, "Malam, yaron ga ya yi targaɗe da damina. Mai ɗori ya ce a riƙa ɗaure mai wurin in za shi wasa. Kwana ukku nika aikin fatag ga don kada ta ci mai ƙafa."

Maimakon in ba shi haƙuri, sai na ce, "Doka doka ce."

Ya dube ni ya ce, "Gaskiya na, Malam. Ku ad da karatu." Ya sa takalminsa ya tafi.

Bayan mako bakwai yaron ya dawo makaranta yana ɗingishi. Bai sake yin langa ba har ya gama. Kullum shi ke fara gaishe ni, ni kuwa ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Kuskuren ɗaukar fata a matsayin kambu bai kai nauyin sauran ba: na ga audugar, amma tsoron dariyar baƙo ya fi ƙafar yaro girma a wurina.

Malamai da iyaye, ina roƙonku. In kun ga yaro ya zo wasa da ɗauri a idon sawu, na fata ne ko na ƙyalle ko na asibiti, ku tsaya ku tambaye shi dalili, kuma ku bari ya kai ƙarshen maganarsa.