Fuskar Ƙarfen da Na Rataye a Zaure

Jama'a, wallahi tallahi wannan da ni ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, shekarun da nake sayen gwangwan tsakanin Bagudo da Lolo, bakin iyakar Benin. Lokacin ƙanena Bashiru na gida, don jarkokin fetur sun kama da wuta a kan babur ɗinsa ya ƙone, ciwo ya warke amma rabin fuska ya tafi, shi ke nan bawan Allah ya rufe fuska ya kulle kansa a ɗaki, ko Juma'a ba ya fita, abinci ma sai an yi da gaske. Ina ji ina gani yana ƙarewa, abin na ci min rai.

Ran nan cikin tarkacen da aka kawo daga Kwatano na tsinci wata fuskar ƙarfe, da hanci da leɓe da ramin ido, sak mutum. Na nuna wa Oga Sunday mai kemis, ya duba waya ya ce irin ta sojojin dawakin Rum ce na zamanin da, da kwalkwali suke haɗa ta.

"Ƙila ma jabu ce," in ji shi, "amma don Allah fitar min da ita daga shago."

Ni ɗan gwangwan ina ni ina tsoron ƙarfe? Na rataye ta a zaure. Sai dai fa ko da sanyin safiya ka taɓa ta da ɗumi za ka ji ta, kamar yanzu wani ya cire.

Wata rana da azahar ina awon kaya a ƙofar gida, sai ga Bashiru ya fito, fuska a buɗe! Saura kaɗan sikeli ya faɗo min a ƙafa.

"Yaya, ina baƙon da kat turo min?"

Na ce wane baƙo? Ya ce wani dogo mai warin doki ya shigo, ya zauna bakin katifa, ya cire fuskar ƙarfe, ashe tasa fuskar ta fi ta Bashiru lalacewa. Dariya kawai baƙon ya yi, ya nuna masa ƙofa.

Ni kuwa tun safe ina wajen, ko akuya ba ta wuce ni ba. Na leƙa zaure, ƙusa kawai na gani.

Yau Bashiru na da shagon faci a Kaoje, da mata da 'ya'ya, alhamdulillahi. Amma har gobe in na tuna, tsigar jikina tashi take. Shawarata, in kuna da wanda ya ɓoye kansa a ɗaki, ku shiga ku zauna kusa da shi, kada ku bari baƙo irin wannan ya riga ku.