Targaɗe a Gefen Gonar Gyaɗa

Da aka yanke mana sabuwar jiha daga Kano, ina cikin ma'aikatan da aka turo Dutse ba da son ransu ba. Na bar maiɗakina a Kano, na kama ɗaki a wata unguwa can bakin gari, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Duk Juma'a da an sauko masallaci sai tasha, ba na dawowa daga Kano sai Litinin da safe. Tsakanina da maƙwabta gaisuwa ce kawai.

Gudun safe ne kaɗai abin da na taho da shi. A Kano gefen kwalta nake bi, ina kauce wa 'yan acaɓa da kwatoci, hayaƙi har maƙogwaro, amma ba mai kula ni. A nan kuwa iska tas, hanya tawa ce ni kaɗai tsakanin duwatsu da itatuwan dabino, sai dai duk wanda ya gan ni sai ya tsaya kallo.

Wata Alhamis da damina, na zo tsallake inda ruwa ya zaizaye hanya, ƙafata ta sauka a kan kunya ta gurɗe. Na zube a gefen gonar gyaɗa. Kafin in kwance takalmi idon sawun ya kumbura.

Mai gonar, wani dattijo da nake wucewa kullum, ya ajiye fartanya ya taho.

"Sannu, Malam. Kada ka taka."

"Baba, ko za a samu mota zuwa Kano?"

"Kano? Da wannan ƙafar? Bari in kawo amalanke."

Gidan yayansa ya kai ni, maɗori ne. Tsohon ya shafa man shanu, ya bi jijiyar da babban yatsa a hankali, yana tambayata aikin ofis. Ina cikin ba shi amsa ya fizga. Na yi ƙarar da ta watsa kajin gidan.

"Ba karaya, targaɗe ne," in ji shi. "Amma in ka yi mata gaggawa, kai da gudu sai labari."

Ranar Juma'ar nan ban je ko'ina ba. Raina a ɓace, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na miƙe ƙafa. Kafin la'asar fura ta zo daga gida uku. Malamin makarantar allo na kusa da mu ya zo ya yi min addu'a, ya zauna muka yi ta hira har aka kira magariba. Kafintan unguwa ya sassaƙo min sanda. Shekara bakwai na yi a gidan haya a Kano, na kwanta zazzaɓi ba sau ɗaya ba, mai shagon da ke ƙasan benenmu ne kaɗai yake lura ban fito ba.

Na yi kewar gudu ƙwarai. Da ƙafar ta fara ɗaukata, sai na riƙa raka dattijon gona, ina ɗingishi, yana nuna min bambancin gero da dawa tun suna ƙanana. Sai da aka cire gyaɗa maɗorin ya murza idon sawun ya ce in gwada sassarfa. Na yi daga ƙofar gida zuwa rijiya, na dawo ba zafi.

A watan ne na je Kano na ce wa maiɗakina ta fara haɗa kaya, na samo mana gida mai tsakar gida da bishiyar mangwaro.