Jan ƙyalle a gonata

A shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci aka turo mana wata ɗaliba daga Damagaram. Staj ta zo yi, wato koyon aiki, kan kula da itatuwa. An ce ta tara manoma ta nuna musu yadda ake barin tohon gawo lokacin sassabe. In ba ta tara kowa ba, sai ta maimaita shekara.

Malaminmu ya tambaya ko wa zai ba da gonarsa a yi gwaji. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ga tana ta murza bakin mayafinta, sai na ce a yi a tawa.

Muka zaga gonar tare. Duk tohon da ta zaɓa sai ta rage masa rassa, ta ɗaura masa jan ƙyalle don kada a sare shi. Ni ke riƙe mata ƙyallen, kuma ban kawo komai a raina ba.

Ranar taro muka zauna a gindin tsamiya tun hantsi har azahar, ba wanda ya leƙo.

Ta ce, "Baba, ko don ni mace ce?"

Na miƙa mata gyaɗa, na ce ta bari in bincika.

Da la'asar maƙwabcin gonata ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Haba, da girmanka! Gona duk jan tsumma. Wane boka ne ya ba ka? Ko jakina ba na bari ya bi ta can."

A garinmu jan tsumma a gona asiri ne. Na san haka tun ina yaro, amma da na gan shi a hannun ƴar boko sai na manta.

Na je na yi wa liman bayani, ya yi dariya har da tari. Washegari ya taka zuwa gonar, jama'a na biye da shi nesa-nesa. Ya karɓi ƙyalle ya ɗaura wa toho ɗaya da hannunsa, sannan suka matso.

Da ɗalibar ta fara magana, sannu a hankali ta sake, har tana tsokanar tsofaffi. Da ta gama, maƙwabcina ya gyara hula ya ce, "Yarinya, gobe ki zo tawa gonar. Amma don Allah ki nemo fari."