Makokin da Aka Hana Ni

Ni a aji uku na bar makaranta, ban iya kwana-kwana ba. Shekara biyu na yi ina hassadar mutumin da aka kashe wa ɗa.

Maƙwabcina ne, danga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Wara. Ɗansa da nawa rana ɗaya aka yi musu kaciya, rana ɗaya kuma 'yan bindiga suka same su a fadama suna korar tsuntsu daga shinkafa. Shekararsu sha biyu. Nasa ya zabura da gudu, suka harbe shi. Nawa bai gudu ba, suka tafi da shi.

Da la'asar aka binne nasa. Kwana uku tabarmi na shimfiɗe a ƙofar gidansa. Mutane daga Yauri, daga Shanga, wasu a kwale-kwale daga tsallake, kowa ya durƙusa: "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Ina gefe ina amsa amin. Ni kuwa ce mini ake, "Zai dawo, in sha Allahu." Ba a shimfiɗa tabarma don "zai dawo".

Bayan damina wani mai albasa ya ce ya ga yarona a bayan babur, bindiga na bugun ƙwaurinsa, wai yaron ne ma ya karɓe masa waya. A tsakiyar kasuwa ya faɗa, bai jawo ni gefe ba. Daga ranar ko "zai dawo" aka daina. In na sauke kifi, mata su tsallake kwandona su sayi na gaba. Maƙwabcina uban shahidi ne, sahun farko ake matsa masa. Ni in na shiga sahu, kafaɗar na kusa da ni sai ta janye. Matarsa ta yi kukanta ta gama, har ta sake haihuwa. Tawa har yau tana rufe tuwo a kwano ta ajiye.

Na je wurin liman, na ce, "Malam, ni ma tabarma nake son shimfiɗawa. Yaron da na haifa ya mutu a fadamar nan. Wanda ke yawo a daji ban san shi ba."

Ya ce, "Ji tsoron Allah. Ana makokin mai numfashi?"

"To a yi mini gaisuwa, ko ta yini ɗaya."

"Addu'ar shiriya zan yi mishi."

Na taso ko sallama ban yi ba.

Da damina ta zagayo karo na biyu, ruwa ya zaftare kabarin yaron da aka harbe. Maƙwabcina ya leƙo ta kan danga da fartanya biyu. "Yaka ka taya ni, bayana ya hana."

Muka tara ƙasa, muka sake jera ƙaya saboda awaki. Ina aikin ina cizon haƙora. Shi yana da wurin zuwa, ga shi nan bayan gari. Ya san inda ɗansa yake, ya san hannunsa bai taɓa jinin kowa ba.

Can ya dogara da fartanya, ya dube ni.

"Ya haƙuri?"

Shekara biyu ina jiran wani ya ce mini haka. Na buɗe baki in ce da godiya, sai na ga in na amsa, ni da kaina na binne yarona, alhali wataƙila a lokacin yana gindin wata bishiya yana jin yunwa.

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Miƙo ƙayar can, gefen nan bai rufu ba."