Firjin Kawu Tsakanin Waya da Kwamfuta

Shekarun da nake koyarwa a Kebbe, iyalina suna Tambuwal. Kwamfutata tana gida, don can ake ɗan samun wuta, waya kuwa tana aljihuna duk inda na sa ƙafa. A lokacin ne na ƙudiri rubuta labaran kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya bar gona yana saurayi ya bi masu aikin hanya zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa. Ranar Asabar nakan hau babur in tafi Sanyinna wurinsa, in ajiye waya a kan tabarma, yana magana tana ɗauka. Lahadi in saurara in buga a kwamfuta.

Wani abokin aikina, malamin lissafi, ya gaji da ganina ina fama da igiyar kwafe-kwafe tsakanin waya da kwamfuta. Ya sa mini wata manhaja a wayar, ya biyo ni gida ya sa a kwamfutar.

"Shi ke nan, Malam. Abin da ka taɓa a nan zai taɓu a can."

"To rubutun a ina yake zaune? A wayar ko a kwamfutar?"

"A duka biyun. Amma asalinsa yana sama."

Na ɗaga kai na dubi silin, na ce masa na gane.

Da farko abin ya burge ni. In gyara kalma a ɗakin malamai a Kebbe, in iske ta a gyare a gida. Sai dai sabis ɗin makarantarmu ba shi da tabbas. Akwai wata 'yar alama mai juyawa a saman wayar, wani lokaci takan wuni tana juyi, ni kuma ban san ko aiki take yi ko jira ba.

Labarin da na fi so shi ne na firji. Kawu ya sayo shi a birni ya kawo wa kakarmu, a garin da ko turken lantarki babu. Mutane suka yi ta zuwa kallo, suna buɗewa suna sa hannu su ji sanyin da aka ce yana ciki. Na buga labarin a gida, na yi ta gyara shi a waya cikin mako.

Wata Juma'a na kunna kwamfuta sai na ga labarin ya zama biyu. Suna ɗaya, amma na biyun da wata doguwar jela ta Turanci a bayansa. Na karanta su a jere. A ɗaya, motar kamfani ce ta sauke firjin a ƙofar gida. A ɗayan kuwa, motar ta lalace a Dogon Daji, aka ɗora shi a raƙumi. Duka biyun rubutuna ne, na gane salon maganata. Amma wanne na fara rubutawa, wanne ne gyaran? Na duba waya don ta raba gardama, sai na tarar da uku a cikinta.

Na ce bari in koma ga muryar Kawu. Na buɗe inda sautukan suke a kwamfuta, wayam. A cikin makon waya ta yi kukan cika, na goge su daga cikinta, ina ganin ai suna nan a gida. Ashe da na kunna kwamfutar, ita ma ta bi sahu. Na zauna ina kallon allon, na kasa gane yadda abin da na yi a Kebbe ranar Talata zai faru a gabana a Tambuwal ranar Juma'a.

Washegari na tafi Sanyinna. Na iske Kawu a zaure yana gyaran igiyar guga.

"Kawu, Allah ya ja kwana, firjin nan, da mi anka kawo shi?"

"Wane firji? Na tsohuwa? Ba na faɗi maka ba?"

"Ka faɗi, wayar ce ta ruɗe."

Ya yi dariya har da tari. "Wayar ta ruɗe ko kai? Amalanken shanu munka samu. Ni da kaina nika riƙe da shi kar ya faɗi."

Na dawo da batun amalanke, ƙari a kan na mota da na raƙumi.

Ranar Litinin abokina ya nuna mini cewa abin da aka goge ba ya tafiya nan take, akwai wani kwandon shara, shi ma a sama. Muka tsaya bayan katangar makaranta inda sabis ke kamawa, sautukan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Na sa a kunne. A zaman farko Kawu ya ce mota. A wani zaman daban, yana cikin ba da labarin wani direba, ya ratse ya ce raƙumi, har ya kwatanta yadda raƙumin ya yi ta gurnani da aka ɗaure masa kayan.

Na tambayi mahaifiyata. Ta ce ita tana rijiya aka kawo shi, ba ta ga komai ba. Abin da ta sani, tsohuwa ta mayar da shi ma'ajiyar daddawa da zannuwan sallah, don ɓera ba ya iya shiga.

Na bar fayilolin yadda suke, ina tsoron taɓa kowanne. Bayan hutun damina na buɗe, sai na ga sun koma ɗaya, a wayar da kwamfutar duka. Abokina ya rantse bai taɓa ba. Matata ta ce ita ko goge ƙurar kwamfutar ba ta yi. Wanda ya saura ɗin na raƙumi ne, kuma shi na kai aka buga a takarda na karanta wa Kawu. Ya saurara ido a rufe har ƙarshe, sannan ya ce haka anka yi, amma na mance ban sa ruwan saman da ya dake su a hanya ba.